Kalmar "fasaha" ta tsere mini: me zan sa a gurbinta?

Assalamu alaikum, malamai. Ina rubuta darasi kan magana mai fita tsaf, babu gargada babu in'ina, sai kalma ɗaya ta tsayar da ni.

Asalin "fasaha" Larabci ne, daga tushen fa, sadi, ha. Larabawa kan faɗe ta ga madarar da kumfarta ya kwanta ta fito tas, ko asubar da haskenta ya bayyana. Daga nan ta koma kan harshe. Ita ce a Suratul Ƙasas, aya ta 34, inda Annabi Musa ya ce ɗan'uwansa Haruna ya fi shi fasahar harshe. "Fasihi" da "Larabcin fusha" (wato daidaitaccen Larabci) duk 'yan gida ɗaya ne.

Matsalar ita ce yau "kimiyya da fasaha" ta cinye kalmar. Na rubuta "sharuɗɗan fasaha", wanda na ba ya duba ya ɗauka kwamfuta nake nufi. Na gwada "balaga": wannan dacewar magana da muhallinta ce, ba tsabtar lafazi ba, ga shi tana karo da balagar yaro. "Iya magana" kuwa tana da ƙanshin daɗin baki, har ma da yaudara. "Zalaƙa" ta fi kusa, amma a kunnena ta fi karkata ga kaifin harshe da saurin amsa.

Shin "fasahar harshe" ta wadatar ta maido da ma'anar asali, ko akwai kalma guda da malaman zaure ke amfani da ita? Na gode.