Tumatirin kamfani: wane iri ne ke jure danni a mota?

Manomi daga Kura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bara na loda kwanduna hawa uku zan kai kamfanin markaɗe tumatir, kafin mu isa na ƙasa sun koma ruwa, aka zaftare min kuɗi a sikeli. Har yau abin na ci min rai. Wane iri kuke shukawa, kuma yaya kuke lodi?

Dattijon Kadawa: Wa alaikumus salam ɗana. Daga gona ake fara gyara. Ni UC82B nake shukawa, namansa na da kauri, ruwansa kaɗan ne. Idan ya fara nuna ka rage ban ruwa, kuma kada ka cika masa yuriya. Tumatirin da ya sha ruwa jiya ka tsinke shi yau, ko a hannunka sai ya fashe.

Malamin gona: Baba ya faɗi gaskiya, kuma irin da ya ambata yana da tarihi. Daga Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka ya fito. A can ne Jack Hanna ya yi shekaru yana neman tumatir mai tauri da zai nuna lokaci guda, abokin aikinsa Coby Lorenzen kuma ya ƙera injin girbinsa. Da aka rufe shirin shigo da leburori daga Meziko a 1964, manoma suka koma ga injin. Har yanzu a can zuba shi ake a tirela ba kwando, jajir, a wuce kamfani cikin sa'o'i kaɗan. Abin da ke riƙe shi: fata mai ƙarfi, nama mai kauri, da ƙarancin ɗakunan 'ya'ya a ciki. Amma ku lura da "sa'o'i kaɗan" ɗin nan. Danni na jimawa, zafi na ƙaruwa, tumatir na ƙara laushi.

Direban Legas: Malam, nan ne matsalarmu. Mota ta kwana a layi rana na dukanta, kowane iri ne zai saki. Ni idan dole sai kwando, katako nake shimfiɗawa tsakanin hawa da hawa, nauyi ya sauka a kan katako. Kuma da yamma nake tashi.

Hajiya mai kiret: Ƙanena, ka gwada kiret ɗin roba. Kilo 25 yake ci, idan ka ɗora wani a kan wani, bakin kiret ne ke ɗaukar nauyin, iska kuma na ratsawa. Sharaɗi ɗaya: kada yara su cika shi ya yi tozo. Da ya wuce baki, ka koma gidan jiya.

Dattijon Kadawa: Na manta, a cire ɗan karan da ke kansa wajen tsinka, shi ke huda na kusa da shi. A bari raɓa ta bushe, a ajiye a inuwa.

Manomi daga Kura: Allah ya saka da alheri. Hajiya, kuɗin kiret ne ke ba ni tsoro.

Hajiya mai kiret: Ana bayar da haya. Ka tambaya a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, ka fara da rabin lodi, sauran a kwando, ka kwatanta su a sikeli.