Jakar da ke ɗauke wa waya sabis: wacce za a saya?

Maman Khairat: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wa ya taɓa amfani da jakar nan da ake saka waya a ciki sabis ya ɗauke? Aikina sauraron matan da ke cikin matsala ne, wasunsu kuma ba sa so a san sun zo wurina. Ina so in sayi biyu, ɗaya tawa, ɗaya ta duk wadda ta zo. Amma gudun asarar kuɗi ya sa na ce bari in fara tambaya.

Injiniya: Wa alaikumussalam Hajiya. Tana aiki, in an dace da mai kyau. Sunanta jakar Faraday, daga Michael Faraday, masanin kimiyya ɗan Ingila da ya lulluɓe wani ɗaki da ƙarfe a 1836 ya nuna cewa lantarkin waje ba ya ratsawa ciki. Kyallen cikin jakar an haɗa shi da jan ƙarfe da nikel, shi ke tare sabis da Wi-Fi da Bluetooth da saƙon tauraron ɗan adam na GPS. 'Yan sandan ƙasashe da dama da ita suke ajiye wayar da suka kama, don kada a goge abin da ke ciki daga nesa. Ki nemi mai kyalle ninki biyu, wadda ake naɗe bakinta sau biyu kafin a manne. Mai zif kawai ki bar musu kayansu, ta nan sabis ke shiga.

Abu Safwan: Ƙari a kan maganar Injiniya: kada ki yarda da abin da aka rubuta a kwali. Ta farko da na saya, na saka waya na kira, ba ta shiga ba, na ji daɗi. Da na tsaya kusa da na'urar Wi-Fi sai ga saƙon WhatsApp ya shigo tana rufe. Ki gwada uku: kira, Wi-Fi kina dab da na'urar, sai Bluetooth da abin kunne. Kuma ki riƙa maimaitawa lokaci-lokaci, domin wurin naɗewar yana tsagewa da yawan amfani, ido bai cika gani ba.

Anti Zee: To takardar alminiyam fa? Na kuma ji ana cewa firij ma yana yi.

Injiniya: Alminiyam yana yi in an naɗe ba ko ƙofar allura, amma buɗewa ɗaya ya yage. Maganar firij ta bazu ne tun 2013, da aka ruwaito Edward Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka da ya fallasa sirrin gwamnati, ya sa lauyoyinsa sun zuba wayoyinsu a firij a Hong Kong. Gefen ƙofar firij roba ce, sau da yawa kira yana shiga. Abin da ya fi yi shi ne danne sauti. Wannan ma ya tuna mini: jakar ba ta kashe makirufo. In akwai manhajar leƙen asiri a wayar, za ta iya naɗar murya tana cikin jakar, ta tura bayan an fito da ita. Don haka jakar ta zauna a wani ɗaki daban.

Malama Ummi: Ƙanwata, akwai abin da ya fi duk wannan damuna. In matar ta taho da wayarta a kunne har ƙofarki, sannan kika miƙa mata jaka, ai aikin gama ya gama. Ƙarafunan sabis sun riga sun ga hanyar da ta biyo, wayar kuma ta rubuta inda ta tsaya. Tun daga gida ya kamata ta shiga jaka, kada ta fito sai an koma. Sannan ki yi tunanin wadda ake sa wa ido: in wayarta ta ɓace ɗif na awa biyu, mai bibiyarta zai lura, kuma hakan na iya ja mata fitina. Wani lokacin barin wayar a gida a kunne ya fi mata sauƙi. Kuma wadda ke cikin tsoro tana bukatar hanyar kiran taimako, waya a cikin jaka kuwa ba ta kira. Ki zauna da kowacce ki ji halin da take ciki tukun.

Maman Khairat: Wallahi Yaya ban kawo wannan a raina ba. Allah ya saka da alheri. To kashe wayar bai wadatar ba?

Abu Safwan: Ba ga kowace waya ba. A yawancin wayoyin iPhone daga 11 zuwa sama, tun da iOS 15 ta fito a 2021, ana iya gano wayar ta Find My, manhajar neman wayar da ta ɓace, ko tana kashe, saboda tana ci gaba da fitar da ɗan saƙon Bluetooth. A nan jakar ke da rana. Canza layi ma ba ya ɓoye mutum, kowace waya na da lambar IMEI mai lamba 15 da kamfanin sadarwa ke gani. Kafin ki saka ta a jaka ki sa ta a yanayin jirgin sama, in ba haka ba za ta yi ta neman sabis har caji ya ƙare.

Baban Haidar: Ni shawarata ba ta saye ba ce. Awa nawa waya za ta yi a jaka? Sauran yinin tana hannu, manhajoji na kwasar bayanai. A Disambar 2019 jaridar New York Times ta samu wani kundi mai bayanan wurare sama da biliyan 50 daga wayoyin mutum fiye da miliyan 12 a Amurka, kuma daga kamfanin da ke tattara bayanai ta manhajoji ya fito. Ki shiga saiti ki duba waɗanda kika ba izinin ganin inda kike. Tocila da wasanni me ya haɗa su da wurin zamanki? Waɗanda dole ne, ki bar su a kan "lokacin amfani kawai". A Android ki goge lambar talla, wato lambar da masu talla ke gane wayarki da ita, a iPhone ki hana manhajoji bibiya. Ki kuma duba ko an haɗa asusun Google ɗin matar da wata wayar da ba tata ba, ta nan ake yawan bin mutum.

Anti Zee: A kula kuma, jakar Yondr da wasu makarantu ke kulle wayoyin ɗalibai a ciki ba irin wannan ba ce. Kullewa kawai take yi, sabis na shiga.

Maman Khairat: Na gode ƙwarai. Guda ɗaya zan fara saya, mai naɗewa, in yi gwajin nan uku. Yaya Ummi, in ba damuwa zan neme ki ta gefe, akwai wata baiwar Allah da za mu haɗu jibi, ina so mu tsara yadda za ta fito.