Kwana nawa ya kamata mu yi a Lima kafin mu hau Kusko?

Malamin gona, Gwale:
Assalamu alaikum. In Allah ya yarda, a watan Yuli zan je ƙasar Peru domin aikin kwana uku a cibiyar binciken dankali ta duniya da ke Lima. Maiɗakina za ta raka ni, saboda muna so in an gama mu hau birnin Kusko mu ga Macu Picu, kufan wani tsohon birni da ke kan dutse, daga nan mu wuce tafkin Titikaka. Kwana 12 gare mu gaba ɗaya. Na ji cewa tudun can yana kayar da baƙo, shi ya sa nake tunanin mu ƙara kwana huɗu a Lima jiki ya saba. Ina neman shawara.

Likita, Tarauni:
Wa alaikumus salam, Malam. Zaman Lima ba zai saba muku da komai ba, domin a bakin teku take, har ma Kano ta fi ta tudu. Kusko kuwa tana kan tsayin mita 3,400, kusan ninki uku na Jos, kuma jirgi yana kai mutum can cikin kamar awa ɗaya da rabi, jiki bai sami sararin shiryawa ba. Iskar wurin ba ta da kauri, don haka kowane numfashi yana shigar da iskar oksijin kaɗan, sai ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci su biyo baya. Mutanen ƙasar suna kiran wannan ciwo soroche.

Waɗannan kwanakin ku kai su kwarin Urubamba, wanda yawancinsa bai kai mita 2,900 ba. Da kun sauka daga jirgi a Kusko ku ɗauki mota ku gangara can, ku ga Macu Picu da ke kan mita 2,430, sannan ku dawo ku kwana a Kusko. Abin da ya fi damuna shi ne amosanin jini. Mai sikila yana cikin haɗari a irin wannan tsayi, kuma ko mai AS da bai taɓa ciwo ba saifarsa tana iya samun matsala. Ku tabbatar da jininku, ku kuma tambayi likitanku game da acetazolamide, maganin da ake sha don rigakafin wannan ciwo na tudu.

Hajiya, Kantin Kwari:
Maganar Likita gaskiya ce. Ni kai tsaye na hau, kuma daren farko matakala goma na masaukinmu sai da na zauna sau biyu, ina ɗagowa daga sujada kaina yana sarawa kamar ana daka. Duk da haka kada ku raina Lima. Muna gabansu da awa shida, ga gajiyar canza jirgi, don haka ku isa da kwana ɗaya kafin aikin, Malam. A Yuli sanyi suke yi, hazo mai danshi yana rufe gari har a yi kwanaki ba a ga rana ba, sai ku tafi da rigunan sanyi. Akwai masallaci a unguwar Magdalena del Mar, kifi kuma yana da yawa, amma a rinƙa tambaya kafin a ci nama, domin suna cin alade sosai. A Kusko za a ba ku shayin ganyen koka, wato ganyen da ake yin hodar iblis da shi, to kada ko ganye ɗaya ya biyo ku cikin jaka zuwa gida.

Ɗalibi, Kabuga:
Ranka ya daɗe, ku bar Titikaka a ƙarshe, tunda garin Puno da ke bakin tafkin ya haura mita 3,800, kuma darensa a Yuli yana da tsananin sanyi.

Malamin gona, Gwale:
Allah ya saka da alheri. Likita, maiɗakina AS ce, kuma wallahi ban taɓa haɗa wannan da tafiyar ba. Ranar Litinin za mu je asibiti, ba zan sayi tikitin Kusko ba sai mun ji abin da aka ce.