Shiga da makami ta ƙofar bincike a wasan Shadowrun

Sabon Mai Gudanarwa:
Assalamu alaikum. Ina gudanar da wasan Shadowrun, wasan tebur da kowane ɗan wasa ke taka rawar wani a cikin labari, bugu na biyar da ya fito a 2013, kuma a zama mai zuwa 'yan wasana za su halarci liyafa a ginin kamfanin Ares da ke birnin Siyatil na Amurka. A bakin ƙofa akwai na'urar gano ƙarfe da mai gano sassan injin da aka dasa a jiki, amma mayaƙin tawagar ya kafe cewa ba zai taka ciki ba sai da bindigarsa. Wace dama dokokin wasan suka ba su, ba tare da na mayar da masu gadin sakarkaru ba?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, Malam. Fara duba harafin da ke gaban kowane makami a jerin kaya. Mai harafin R ana iya riƙe shi da lasisi, mai harafin F kuwa haramtacce ne, babu takardar da za ta wanke shi. Idan bindigar ta rukunin farko ce, ɓoyewa ma ba ta taso ba: ya shiga a matsayin mai tsaron lafiyar wani baƙo, da lasisin jabu da ke rataye a kan lambar SIN (lambar shaidar mutum a duniyar wasan) ta jabu. Darajarsu daga 1 zuwa 6 take, kuma ranar da aka gano lambar, duk lasisin da ke kanta ya tafi tare da ita. Shi ya sa mai arha ba ta kai mutum ko'ina a gini irin na Ares.

Mai Kutse:
Ni ina ganin a bar wa mai kutsen tawagar aikin, ya sa na'urar ta yi shiru daidai lokacin da mayaƙin ke wucewa. Sai dai kada ka manta da makin sa ido da ke taruwa tun daga haramtaccen motsinsa na farko, domin da zarar ya kai 40, hukumar GOD, mai sa ido kan hanyar sadarwar wasan, za ta gano inda yake.

Hajiya Matsafiya:
Ɗan'uwa, dukansu sun yi gaskiya, amma shawarata ka bari a karɓe bindigar a ba shi tikitin ajiya. Matsafi ba ya ɗauke da abin da na'urar ƙarfe za ta yi kuka a kai, ko da yake kamfani mai hankali zai girke nasa matsafin a ƙofa. Mayaƙin kuma ya nemi makami a ciki, ko ta hannun mai kawo abinci da aka saya, ko daga kugun mai gadin hawa na uku.