Me za mu kira "courant" na cikin jam'iyya da Hausa?

Jama'a, ina neman taimako. Jiya da dare muna fada, wato majalisar shayi, a unguwar Birni ta Damagaram, shayi na biyu na kan gawayi, ƙanena da ke karatu a Jami'ar André Salifou ya miƙo mini takardarsa ya ce: "Yaya, mene ne courant politique da Hausa?" Na buɗe baki in ba shi amsa, na rasa. Kuran da muka sani a nan wutar lantarki ce, wannan kuwa wani abu ne daban.

Ga abin da ake nufi. Mutane ne cikin jam'iyya guda, katinsu ɗaya, ɗan takararsu ɗaya, amma suna da nasu ra'ayin kan tattalin arziki ko ilimi, kuma jam'iyyar ta san da zamansu, ba ta ɗauke su maciya amana ba. A jam'iyyar gurguzu ta Faransa, wato Parti socialiste, tun babban taron Epinay na 1971, kowane rukuni yakan kawo takardar manufarsa a kaɗa mata ƙuri'a, a raba kujerun shugabanci gwargwadon abin da kowa ya samu.

Na riga na jefo muku tambayar a nan, kuma amsoshin da kuka turo na karanta su duka. Mafi yawa sun ce ɓangare ko tsagi. Ban yarda ba, kuma ga dalilina. Ba a cewa tsagi sai an riga an tsage. Mu ƴan Damagaram mun gani a jam'iyyar CDS-Rahama: tun da Abdou Labo ya mara wa Mahamadou Issoufou baya a zagaye na biyu na zaɓen 2011, sai aka koma "ɓangaren Labo" da "ɓangaren Mahamane Ousmane", aka yi ta shari'a, har Ousmane ya fito takara a 2016 da tutar MNRD-Hankuri. Haka MNSD-Nassara ta haifi Lumana ta Hama Amadou, daga baya Jamhuriya ta Albadé Abouba. Ku lura, kullum sunan mutum ne ke biyo bayan kalmar ɓangare, ba sunan manufa ba. Wannan shi ya fi damuna a duk maganar. Muna da ɓaraka, tawaye, ɓallewa, sauya sheƙa, amma wanda ya saɓa da shugaba ya kuma zauna a gida, ba mu raɗa masa suna ba. Shi ya sa ko ya zama ɗan amshin shata, ko a ce ya ci amana.

Wani ɗan'uwa daga Kano ya tuna mini santsi da taɓo, ɓangarori biyu na jam'iyyar PRP ta Najeriya, lokacin su Abubakar Rimi da Malam Aminu Kano. Sunaye ne masu daɗi, na gode, sai dai laƙabin rigima guda ne, ba za su hau kowace jam'iyya ba. Reshe kuma ya riga ya zama ofishin jam'iyya na jiha ko na gari.

Malamina na allo, Allah ya ƙara masa lafiya, ya aiko cewa a ce mazhaba: tushe ɗaya, saɓani a rassa, kuma ba mai fitar da wani daga addini don ya bi Shafi'iyya. Ma'anar ta zauna daram, Malam. Tsorona kawai kada a ɗauki kalmar fiƙihu a kai ta filin kamfe, gobe wani ya ce saɓa wa ra'ayinsa saɓo ne.

Wadda ta kwanta mini ita ce ta innata. Tana tankaɗe a tsakar gida na ba ta labarin, ba ta ko ɗago kai ba ta ce: "Ai ɗaki ke nan. Gida ɗaya, zaure ɗaya, kowa da ɗakinsu." Duk wanda ya tashi a babban gida ya san ƴan ɗaki: suna da tasu shawarar, wani lokaci su ja da maigida, amma ranar biki ko rasuwa tabarma ɗaya ake shimfiɗawa. Na san wani zai ce ɗaki na jawo ƴan ubanci. Gaskiya ne, courant ɗin ma a Faransa yakan jawo shi. Don a bambanta shi da ɗakin kwana sai a ce ɗakin ra'ayi, jam'i ɗakunan ra'ayi. A gwada a baki: "Jam'iyyarsu na da ɗakunan ra'ayi uku, ɗakin matasa ne ya ƙi amincewa da kasafin kuɗin." Ta shiga kunne.

Wata ta tambaya, tun da an rushe jam'iyyu a Nijar a watan Maris na 2025, me ya kawo maganar yanzu? Yara na karanta ta a aji, kuma gidajen rediyo na fassara labaran Faransa da Amurka kullum.

Na ba ƙanena "ɗakin ra'ayi" ya rubuta. Saura "discipline de parti", wato bin matsayar jam'iyya ko da mutum na da wani ra'ayin. Tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda aka dakatar a 2023, ya ce ɗan majalisar da ya fice daga jam'iyyarsa ya rasa kujera, wanda aka kora kuwa ya zauna a matsayin ɗan ba-ruwanmu. Biyayyar jam'iyya za mu ce, ko akalar jam'iyya? Ni na fi karkata ga akala, amma ina sauraren ku.