Mai kamfanin da muka zuba wa jari yana jinya, mutane sun fara janyewa: wa ya taɓa shiga irin wannan?

Baban Hanifa, Gwarimpa

Assalamu alaikum. Ina da 'yan kuɗi a wani ƙaramin kamfanin fasaha a nan Abuja, masu manhajar da makarantun kuɗi ke karɓar kuɗin makaranta da fitar da sakamakon ɗalibai da ita. Mu kaɗan ne muka haɗa jarin, yawancinmu a masallaci ɗaya muke salla. Yaron da ya kafa kamfanin shi ne ke rubuta manhajar, shi ke zuwa wajen masu makarantu, shi ke sa hannu a banki. Tun bayan babbar salla aka fita da shi Alƙahira. Duk wanda ya kira gidansu, amsa ɗaya ce: da sauƙi, a ci gaba da addu'a. Yanzu mutum biyu daga cikinmu sun ce a ba su kuɗinsu, wata babbar makaranta kuma ta ƙi sabunta yarjejeniya. Don Allah wanda ya taɓa samun kansa a irin wannan hali ya faɗa mana yadda ta kaya.

Injiniya, Jabi

Wa alaikumus salam Baban Hanifa, Allah ya ba shi lafiya. Nawa ba na gida ba ne, amma zai yi maka amfani. Ina karatu a Ingila na sayi 'yan hannayen jarin Apple da abin da nake tarawa daga aikin dare, kuma a hannuna suke duk tsawon jinyar shugaban kamfanin, Steve Jobs.

Tun 2004 duniya ta san an yi masa aikin ciwon daji. A watan Yunin 2008 ya fito taron kamfani ya rame ƙwarai, wuyan rigarsa har yana lilo, kamfani kuma ya ce ɗan ƙaramin ciwo ne. Daga nan kasuwa ta koma kallon jikinsa maimakon littafin ciniki. A watan Agusta Bloomberg suka saki labarin rasuwarsa bisa kuskure, wanda suka rubuta suka ajiye. Ranar 3 ga Oktoba wani ya rubuta a shafin CNN na labaran jama'a cewa bugun zuciya ya kama shi. Ina zaune a ɗakin karatu na ga farashin yana zubewa cikin mintuna, sai da kamfani ya ƙaryata ya dawo. Ƙarya tsagwaronta, amma ta ci kasuwa saboda babu wanda ya yarda ana faɗa masa gaskiya.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne Janairun 2009. Ranar 5 ga wata ya fitar da wasiƙa cewa matsalar sinadaran jiki ce, maganinta mai sauƙi, farashi ya tashi. Ranar 14 ga wannan watan dai ya ce abin ya fi yadda ya zata, zai tafi hutun jinya har ƙarshen Yuni. Wanda ya saya saboda wasiƙar farko fa? Daga baya muka ji ashe dashen hanta aka yi masa a Memphis, kuma a jarida muka fara ji, ba daga kamfani ba.

To amma ga abin da nake so ka lura da shi. Ranar 17 ga Janairun 2011 ya sake tafiya jinya. Ranar hutu ce a Amurka, kasuwa a rufe, sai a kasuwar Frankfurt ta Jamus farashin ya sha ƙasa. Washegari kamfani ya sanar da ribar dala biliyan 6 a wata uku, hankali ya kwanta. Ya ajiye muƙami ranar 24 ga Agusta, ya rasu ranar 5 ga Oktoba yana da shekara 56, kuma washegarin rasuwar ko kashi 1 cikin 100 farashin bai sauka ba. Jita-jitar ciwo ta fi mutuwar kanta girgiza kasuwa. Dalili, mutane sun riga sun ga na hannun damansa, Tim Cook, ya riƙe kamfanin a 2004 da 2009 da farkon 2011, babu abin da ya tsaya. A 2018 darajar kamfanin ta kai dala tiriliyan 1. Tambayata gare ka: waye Tim Cook ɗinku?

Ɗan Banex

Injiniya ka tuna min. Lokacin rasuwar ina yaron shago a Banex Plaza. Maigidana yana da iPhone 4 a kwalaye, wani Alhaji ya zo ya fasa saye wai mai kamfanin ya mutu, wa zai riƙa gyara masa? Ya ɗauki BlackBerry Bold, don a lokacin kowa BBM yake yi. Shugabannin BlackBerry su biyu lafiyarsu ƙalau, ko mura ba mu ji sun yi ba, a farkon 2012 suka sauka, yau ko cajarta sai an tona ƙasan durowa. Ni dai abin da na gani ke nan.

Maman Sadik, Kubwa

Ni ta same ni, kuma ba ta yi daɗi ba. Mun sa kuɗi ni da ƙanwata wajen wani mai harkar POS, yana da yara a Kubwa da Dutsen Alhaji da Bwari, har ya sa an yi masa manhajar da yake bin cinikinsu da ita. Mutumin kirki, duk ƙarshen wata ribarmu na shigowa. Ciwon ƙoda ya kama shi, ya ɓoye. Ana yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako, yana ce mana ya je Kaduna duba yara. Na gan shi sau ɗaya ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga, na ce Malam lafiya, ya ce zaman mota ne.

Da Allah ya karɓi abinsa sai muka tarar kamfanin yana da rajista da CAC, amma kuɗin juyawa duk a asusunsa na kansa suke. Banki ya rufe asusun, suka ce sai an kawo takardar kotu ta masu kula da dukiyar mamaci. Lambar sirrin manhajar tana wayarsa, wayar kuma da yatsansa take buɗewa. Yaran POS da suka ga babu mai tambayarsu, wasu suka tafi da injin da kuɗin da ke ciki. 'Yan uwansa kuma suka ce duk abin da ke asusun gado ne. Da ƙyar, da shaidar tura kuɗi da muka ajiye da sa bakin limamin unguwarsu, aka yarda namu haƙƙi ne da za a fitar kafin rabon gado. Abin da ya dawo mana bai kai rabi ba. Ban riƙe shi a zuciya ba, Allah ya jiƙansa, na san tsoro ne ya hana shi faɗa, kada mu janye ya rasa kuɗin magani. Amma da ya faɗa, da mun sa ƙaninsa a asusun tun yana iya zuwa banki da ƙafarsa.

Baban Hanifa, kafin komai ka bincika da sunan wa asusun yake.

Anti Nas, Garki

Allah ya mayar da alheri Maman Sadik. Amma bari in ce wani abu ta ɓangaren majinyaci, don aikina ke nan. Mara lafiya ba ya son a mayar da shi labari. Na sha ganin 'yan kasuwa suna roƙonmu kada mu bari abokan hulɗarsu su shigo ɗaki, saboda wanda ya zo dubiya da lemo da ayaba, yana fita zai kira lauya. Sau da yawa ma shi kansa majinyacin bai san inda ciwon ya dosa ba, likitoci na kan gwaji. Kuɗinku bai ba ku haƙƙin sanin sunan cutarsa ko ganin takardun asibitinsa ba. Wannan "da sauƙi" da matarsa ke ce muku, ita ma da shi take lallashin kanta.

Injiniya, Jabi

Anti, na yarda da ke rabi. Sunan cutar nasa ne. Amma ko zai iya aiki, da yaushe ake sa ran dawowarsa, da wanda ke riƙe da kamfani kafin nan, wannan na masu jari ne. Ko GTBank a 2011, da jinyar shugaban bankin, Tayo Aderinokun, ta yi tsawo, Segun Agbaje aka ba riƙo tun kafin rasuwar a watan Yuni. Da shugaban Access Holdings, Herbert Wigwe, ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Fabrairun 2024, cikin 'yan kwanaki suka sanar da Bolaji Agbede a matsayin mai riƙo. Abin da ya tsayar da zukatan mutane ke nan.

Baban Hanifa, Gwarimpa

Na gode ƙwarai. Hajiya Maman Sadik, asusun na kamfani ne, alhamdu lillahi, amma shi kaɗai ke sa hannu. Albashin ma'aikata na watan jiya daga gadon asibiti ya tura, a makare. Akwai wata yarinya da ta fi kowa sanin manhajar bayansa, sai dai ba ta da wani muƙami a takarda.

Dattijo, Karu

Ɗana Baban Hanifa, ni ban taɓa sayen hannun jarin Turawa ba, amma ina aikin gwamnati lokacin da aka fita da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa Jidda ranar 23 ga Nuwamban 2009. Ba a miƙa wa mataimaki mulki a rubuce ba. A ofishinmu fayil ya taru a kan tebur har ana ajiyewa a ƙasa, 'yan kwangila suna zarya, kowane babba yana tsoron sa hannu kada a ce ya yi azarɓaɓi. Hatta sabon Alƙalin Alƙalai, wanda ke barin kujerar ne ya rantsar da shi a ƙarshen Disamba. Sai 9 ga Fabrairun 2010 majalisa ta ba Goodluck Jonathan riƙo. Mutumin kirki ne marigayin, kowa na yi masa addu'a, amma addu'ar ba ta sa hannu a fayil ko ɗaya ba.

Shawarata, kada ku bi ta wajen matarsa, nauyin da ke kanta ya isa. Ku nemi mahaifinsa ko babban wansa, ku tura mutum biyu masu furfura. Ku fara da dubiya, ku kai gudummawar magani daga aljihunku, ba daga kuɗin kamfani ba. Sannan ku roƙi abu biyu kawai: daraktoci su zauna su ƙara mutum na biyu mai sa hannu a banki, shi kuma ya rubuta cewa yarinyar nan ce ke riƙe da aiki har ya dawo, ya ba ta makullan manhajar. Takardar ku kai wa makarantar da ta ƙi sabuntawa, ku tafi da yarinyar su gan ta da idonsu.

Su kuma biyun da ke neman kuɗinsu, ku duba abin da kuka rubuta lokacin haɗa jarin. In hannun jari suka saya, ba bashi suka bayar ba, sai dai su nemi mai sayen kasonsu. In farashin ya yi daidai ku sanar da ni, ina da ɗan abin da ya rage na giratuti, amma sai na ga sa hannun mutum na biyu tukuna.