Abin da ya same mu wajen karanta lokutan fayil da manhaja

Saƙo na 1
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na rubuta wata 'yar manhaja da Python domin ta jera takardun ofishinmu bisa ranar da aka ƙirƙire su, na dogara da os.path.getctime, umarnin da ke karanto lokacin fayil da ake kira ctime, kuma a kan Windows komai ya tafi lami lafiya. Da na mayar da ita kan Linux sai takardun shekara biyar suka hau sama tamkar jiya aka rubuta su, alhali izininsu kawai aka sauya da chmod. Ashe a can ctime yana nufin lokacin da aka taɓa bayanan fayil, kamar izini ko mai shi. Ina roƙon duk wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya ba mu labari.

Saƙo na 2
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ma na faɗa wannan ramin. Sai a 2017, da fitowar Linux 4.11, aka samu statx, hanyar tambayar bayanan fayil, wanda ke bayar da ranar ƙirƙira idan tsarin ajiyar yana riƙe ta, kamar ext4. Amma idan ka kwafi fayil, kwafin sabuwar rana zai samu, don haka ranar ba ta nuna shekarun abin da ke cikinsa.

Saƙo na 3
Tawa matsalar daga filashi ta fito, kuma ta ci mini kusan mako guda. Manhajar ajiyata tana kwatanta mtime, wato lokacin gyara na ƙarshe, na fayil a kwamfuta da na kwafinsa a filashi, amma kullum sai ta sake kwashe fayilolin da ba wanda ya taɓa. Da na jera lambobin gefe da gefe sai na ga bambancin daƙiƙa ɗaya a kusan rabinsu, domin FAT32, tsarin ajiyar filashin, bibbiyu yake ƙirga daƙiƙun gyara, ba ya iya riƙe lambar da ba ta rabuwa biyu. Na magance wannan da --modify-window=1 a rsync, manhajar kwafe fayiloli, domin ta yafe bambancin daƙiƙa ɗaya. Ban gama murna ba sai ga awa ɗaya cif ta ƙaru a kan komai, saboda FAT agogon gida yake rubutawa ba tare da ambaton yankin lokaci ba: an cika filashin a Windows da agogon Najeriya, na karanta shi a injin da ke kan UTC, agogon duniya wanda na Najeriya ke gabansa da awa ɗaya.

Saƙo na 4
Hajiya, awa ɗaya ai da sauƙi. Ni shekara 369 na samu a gaba. Windows yana ƙirga lokacin fayil tun daga 1 ga Janairu 1601, a ma'aunin nanosakan 100, shi kuwa Unix, wanda Linux ke bin tsarinsa, daga 1 ga Janairu 1970 yake farawa. Na raba lambar Windows da miliyan 10 yadda ya kamata domin ta koma daƙiƙu, amma na manta ban cire daƙiƙa 11644473600 da ke tsakanin ranakun biyu ba, sai rahotona ya nuna rasit ɗin da aka rubuta a ƙarni na 24.

Saƙo na 5
Ni atime, wato lokacin buɗe fayil na ƙarshe, na so in yi amfani da shi wajen share fayilolin da ba a buɗewa, sai na tarar relatime, ƙa'idar sabunta atime, wanda shi ne tsarin Linux na asali tun 2009, ba ya sabunta shi a kowane karatu. Malam mai saƙon farko, wane tsarin ajiya ne a injin naku?